Haƙorin Makka da Na Sa wa Autata

A lokacin da abin nan ya faru ni mace ce 'yar shekara arba'in da 'yan kai, haifaffiyar unguwar Nima a birnin Accra. Ina da rumfar mayafai da leshi a Kasuwar Makola, kuma ban daɗe da dawowa daga aikin Hajji ba. Fataucin goro ne ya kawo kakanninmu ƙasar nan, don haka in kun ga Hausata ta ɗan karkace ku yi mini afuwa, rabinta a bakin kakata na tsinta, rabi a lungunan Zango, unguwannin Hausawa na nan. Ba zan ɓoye muku halina ba, tunda saboda shi na ɗauki alƙalami. Ni mutum ce mai son a gani a yaba, kuma ba na ɗaukar raini ko da na wasa ne. Kafin in baro Makka sai da na sa haƙorin zinariya, kamar yadda hajiyoyinmu suka saba. Na dawo gida da wata irin dariya marar dalili, ko mai tallan ruwan leda ne ya gaishe ni sai na washe masa baki don ya san da wa yake magana. Maigidana direban babbar mota ne, a lokacin yana ɗauko albasa daga Arewacin ƙasar nan zuwa kasuwar Agbogbloshie, sai ya yi sati biyu ko uku ba ya gida. Mutum ne marar yawan magana, ni kuwa nakan yi tawa in yi tasa. 'Ya'yanmu huɗu, babbar an sa ranar aurenta, auta kuma tana da shekara tara. A kan autar nan labarina yake.

Yarinya ce mai dariya, irin wadda in tana tsakar gida har na bakin titi ya san tana nan. Wata rana da la'asar suna ampe da ƙawayenta, wasan tsalle da tafi da 'yan matan nan suke yi, sai santsi ya kwashe ta, ta buga baki a gefen kwata. Haƙorinta na gaba na sama, ɗaya daga cikin manyan nan biyu da ba su daɗe da fitowa ba, ya ɗan ɓantare, dasashi ya yi jini. Na wanke mata da ruwan ɗumi da gishiri, na haɗa mata da faɗa, na ce gobe ma ta ƙara. Bayan kwana uku ta daina cewa yana ciwo, ni ma na manta da zancen. Sai bayan kamar wata biyu muka lura haƙorin ya koma ruwan toka, kuma wani ɗan ƙurji yana fitowa a dasashin da ke samansa, ya fashe, ya sake fitowa. Ni cewa na yi zaƙi ne ya yi mata yawa. Babanta ne ya kafe sai an kai ta asibiti. A ƙaramin asibitin unguwa aka ba mu takarda zuwa sashen haƙori na wani babban asibiti inda ake koyar da likitoci. Mu uku muka hau trotro, motar hayar nan, ina ta mita a hanya cewa an raba ni da kasuwa saboda haƙori ɗaya.

Likitar da muka samu mace ce matashiya. Turanci da Tuwi, yaren mutanen nan, take ji, sai wata nas 'yar unguwar Maamobi take juya mana zancen da Hausa. Ta ɗauki hoton haƙorin, ta haska mana a allo, ta zauna ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce haƙori ba dutse ba ne, kowanne yana da ɓargo mai rai a cikinsa, da jijiyoyi da hanyoyin jini, kuma ɓargon ne yake gina saiwar haƙori. Haƙorin yaro yakan fito tun saiwarsa ba ta gama girma ba. Na autata faɗuwar ta kashe ɓargon, saiwar ta tsaya a rabin hanya, bangonta siriri kamar ɓawon ƙwai, ƙarshenta a buɗe. Ta ce a da abin da ake yi shi ne a kwashe mataccen ɓargon a cike ramin da wani abu mai tauri. Haƙorin zai zauna, amma saiwar ba za ta ƙara girma ba, wata rana tana iya tsagewa. Yanzu kuwa akwai hanyar sake raya cikin haƙorin. Za a wanke ramin, a zuba magani a rufe na wasu makonni har ƙwayoyin cuta su mutu. Sannan a dawo a wanke maganin, a ɗan tsokani naman da ke ƙarshen saiwar har jini ya gangaro ya cika ramin. In jinin ya daskare, shi ne zai zama kamar rumfar da kabewa take bi. Wasu ƙwayoyin halitta da Allah ya ajiye a ƙarshen saiwar haƙorin yara za su hau shi su gina sabon nama mai rai, saiwar ta ci gaba da kauri da tsawo. Ta ce ba ta yi mana alkawarin dole ya yi ba, amma yarinyar tana kan shekarun da aka fi samun nasara.

Babanta ya yi tambayoyinsa ya sa hannu a takarda. Ni ina gefe ina gyara mayafi, ina cewa a raina wai haƙorin da ya mutu zai tashi, sai ka ce ranar alƙiyama. A ranar aka yi aikin farko. Aka huda haƙorin ta baya, aka wanke, aka sa magani, aka toshe ramin da wani farin abu kamar siminti. Likitar ta ja mana kunne kada kowa ya taɓa farin abin nan, domin shi ne ƙofa, in ya buɗe ƙazantar baki za ta shiga ta lalata komai, kuma mu dawo bayan sati huɗu ba fashi. Ta kuma gaya mana maganin yana iya ƙara wa haƙorin duhu, kada mu tsorata, in an gama aikin ciki akwai yadda za a haskaka shi. Nas ta maimaita mini wannan har sau biyu tana kallon idona, ta rubuta ranar a kati, ta karɓi lambar wayata. A hanyar gida autata take gaya wa babanta wai haƙorinta barci yake yi, likita za ta tashe shi. Bayan kwana biyu maigidana ya kama hanyar Arewa, ya bar mini amanar komawa da ita.

Abin da likita ta faɗa ya tabbata. Ƙurjin ya ɓace, amma haƙorin ya ƙara duhu, har daga nesa ana gane shi. Ga bikin yayarta ya matso. Duk wanda ya san auren Zango ya san ba ƙaramin abu ba ne, ga 'yan uwa daga Kumasi da Lome, ga masu hoto da bidiyo, ga shi bikin farko da zan yi da sunan Hajiya, kuma autar ce za ta tsaya kusa da amarya. Ranar da matan ƙungiyarmu suka taru a gidana rabon yayi, wato abin da 'yan Najeriya suke ce wa anko, yarinyar ta shigo gaishe su tana dariyarta. Wata ƙawata da muke tsokanar juna tun muna 'yan mata ta kama haɓarta ta duba, ta ce ikon Allah, uwa da haƙorin zinariya, 'ya da na gawayi. Ɗaki ya ɗauki shewa. Ni ma na yi dariya, amma maganar ta ci mini rai. Da na ba su labarin asibitin don in wanke kaina, wata ta ce duk inda ka ji likita ya ce sabuwar hanya, to gwaji ne, kuma da 'ya'yan Zango ake koyon hannu. Wata ta ce ai ga shaida nan, an kai haƙori ruwan toka an dawo da shi baƙi. Na san likita ta riga ta gaya mini zai yi duhu, amma ban faɗa musu ba, domin maganarsu ta yi daidai da abin da zuciyata take so. A nan aka kawo zancen wani maƙerin zinariya a Maamobi wanda ya daɗe a Saudiyya, shi yake gyara wa hajiyoyi haƙoran Makka in sun faɗi, yana kuma sa wa masu so.

Washegari bayan an taso makaranta na ja autata muka tafi. Shagonsa ɗan ƙarami ne a cikin lungu, ga 'yan kunne da awarwaro a gilashi, ga wata kujerar aski da yake zaunar da masu haƙori. Ba zan ɗauki haƙƙin mutumin nan ba. Da ya leƙa bakinta sai ya ja baya, ya ce shi bai saba sa wa yara ba, kuma ga alama asibiti sun fara aiki, gara in bari su gama. Na ce masa ni na haife ta, ba asibiti ba. Na ambaci manyan hajiyoyin da suka turo ni, har na nuna masa in bai yi ba zan gaya musu ya wulaƙanta ni. Sai ya ɗauko kayan aikinsa. Da ya fara goge gefen haƙorin don hular zinariyar ta samu shiga, yarinyar ta riƙe hannuna ta ce mini a hankali likita ta ce kada a taɓa. Na daka mata tsawa, na ce likita ce uwarta ko ni. Farin simintin nan ya ɗan yi tudu ta baya, sai ya sa wani ƙarfe ya ƙanƙare shi, ina kallo wani abu ruwan ɗorawa ya biyo baya ta tofar a kwano. Ba ta yi kukan ciwo ba, ni kuwa na ɗauki hakan shaidar aiki ya yi kyau, na manta haƙorin da ba rai ba ya jin zafi. Bayan kwana biyu muka koma, ya shafa gam ya danna hular. Da ya miƙa mata madubi ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago ta dubi fuskata, da ta ga ina murmushi sai ita ma ta yi.

Maigidana ya iso ana jibi ɗaurin aure. Yana ganinta ya tsaya da jaka a hannu. Bai yi magana a gaban baƙi ba, sai da ya kira ni ɗaki ya tambaye ni ko likita ce ta sa mata. Na ce a'a, amma hula ce kawai a waje, ba a taɓa cikin ba. Ya ce shi dai bai ji daɗi ba, kuma in ranar kati ta zo a mayar da ita, in cirewa ce a cire. Na ce to. Biki kuwa ya yi yadda nake so har ya wuce. Duk inda yarinyar ta gifta sai ka ji ana ƙaramar Hajiya, ƙaramar Hajiya, masu hoto suna cewa mu haɗa kai mu yi dariya tare. Ƙawar nan tawa ta zo ta rungume ni ta ce lallai na iya rama magana. Har yau hoton yana ƙasan akwatina, ni da ita kunci da kunci, zinariya biyu suna ƙyalli.

Ranar komawa asibiti ta faɗo kwana biyar bayan biki, maigidana ya riga ya koma hanya. Tun da safe autata ta ciro katin ta ajiye mini kusa da kofin kokona. Na ce mata baƙi ba su gama watsewa ba, sai wani satin. Gaskiyar magana kunya nake ji. Da wane ido zan kalli 'yar likitar nan, ni Hajiya guda, ta tambaye ni ina farin abin da ta ce kada a taɓa? Nas ɗin ta kira ni a waya, na ce muna Kumasi. Bayan sati ta sake kira, na ce yarinyar tana jarrabawa. A kira na uku ta ce mini da Hausarmu ta Zango, “Hajia, kafra, ka kawo yarinya ko yaya ne, magani na ciki ba ya zama har abada.” Kafra a bakinmu shi ne gafara. Na ce in sha Allahu, daga ranar na daina ɗaukar lambar. Da maigidana ya tambaya ta waya, na ce mun je, likita ta ce komai lafiya, a bar hular zuwa wani lokaci. Yarinyar tana zaune kusa da ni sa'ad da na faɗi haka. Ta kalle ni, na harare ta, ta sunkuyar da kai.

Haka muka yi wata uku. Maigidana ya zo ya koma, bai yi shakkar maganata ba. Yanzu in na waiwaya ina ganin alamomin a jere, amma a lokacin hankalina yana kasuwa. Ta daina gatsar rake, ta koma gutsira burodi ƙanana tana turawa ta gefe. Bakinta ya fara wani ɗan wari, na ce ba ta gogewa da kyau ne, na sayo mata sabon buroshi. Dariyar nan tata ta ragu, na ce girma ne. Wata safiya na shiga tashinta makaranta, na tarar da fuskar da ban gane ba. Leɓenta na sama ya kumbura ya turo, kumburin ya haura gefen hanci har idonta ɗaya ya kusa rufewa, jikinta zafi rau. Na kira ta, ta buɗe ido ɗaya ta ce mini kanta yana juyawa. Ban san sa'ad da na saɓe ta a kafaɗa na yi titi ba, ko mayafi ban ɗauka ba, ni mai sayar da mayafai. Wata maƙwabciya ta biyo ni da nata, ta tsayar mana da tasi. Kunyar da ta hana ni zuwa asibitin wata uku, a ranar ko tunawa da ita ban yi ba.

Likitar nan muka tarar, da nas ɗin. Da ta ɗaga leɓen ta ga zinariya sai ta tsaya, ta rufe ido na ɗan lokaci. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Suka yi wa yarinyar allurai, suka cire hular, mugunya ta biyo da warin da ya cika ɗakin. Aka sake ɗaukar hoto, ta jera shi da na farko a allo. Ko ni da ban yi boko mai zurfi ba na ga bambanci. Wani baƙin tabo ya zagaye ƙarshen saiwar inda cuta ta ci ƙashi, ga kuma layi siriri ya ratsa saiwar. Ta ce ƙwayoyin cuta sun samu ƙofa a buɗe, hula kuma ta rufe su a ciki suna ta ɓarna, har suka cinye wurin da ake sa ran sabon nama zai tsiro, saiwar da dama ba ta da ƙwari ta tsage. Ba sauran abin da za a raya, cirewa za a yi, kuma mu gode Allah da cutar ba ta shiga jini ba. Sai ta tambaya ta bakin nas, wa ya kai yarinyar aka yi mata wannan. Na buɗe baki ke nan, autata da leɓenta a kumbure ta riga ni. Ta ce ita ce ta yi ta kuka tana son irin na Mma, wato ni, Mma ba ta so ba. Nas ta kalle ni, ta kalle ta, ta fassara yadda aka faɗa. Likita ta tambaye ta tun yaushe yake mata ciwo, ta ce tun bayan biki da kaɗan, in ta kwanta yana bugawa. Aka ce me ya hana ta faɗa, ta ce ta ga Mma tana murna da shi, kuma in ta faɗa Baba zai san ba mu je asibiti ba. A nan na zauna a ƙasan ɗakin likita na yi kukan da ban yi irinsa ba ko ranar da uwata ta rasu.

Kwana uku aka kwantar da ita kafin kumburin ya sauka aka cire haƙorin. Babanta ya bar mota da kaya a hannun abokin aikinsa ya taho. A barandar asibiti na gaya masa komai da bakina, tun daga shagon maƙeri har ƙaryar waya, ban rage ba. Na shirya wa faɗa, har saki na shirya wa. Sai ya ce haƙori ƙaddara ce, yana iya haƙura da shi, abin da ba zai manta ba shi ne na koya wa 'yar shekara tara ta ɓoye ciwo don ta rufa mini asiri. Bai sake tayar da maganar ba har yau, amma tun daga lokacin duk abin da ya shafi lafiyar yara ba ya tambayata, su yake tambaya. Matan ƙungiya sun zo dubiya da lemo da ayaba, ƙawar tawa tana cewa ai ita wasa take yi. Ban ga laifinsu ba, ba wadda ta riƙe hannuna ta kai ni Maamobi.

Bayan wurin ya warke aka yi mata haƙorin roba mai ɗan faranti da yake kama ganda, ana sawa ana cirewa. A wani zuwa da muka yi don a gwada shi, na zauna a benci kusa da wata mata 'yar Arewacin ƙasar nan, cikin masu dakon kaya a ka a Agbogbloshie, irin waɗanda in sun gifta rumfata ko kallo ba su ishe ni ba. Tana tare da 'yarta sa'ar tawa. Da Hausarta guntu-guntu ta gaya mini ita ma 'yarta faɗuwa ta yi, aka yi mata irin aikin nan shekara guda da ta wuce. Ta ce wallahi ba ta gane ko rabin abin da likita ta faɗa ba, abin da ta riƙe kawai ranar da aka ce ta dawo, sai ta ajiye kwanon dakonta ta zo. Yau an ɗauki hoto an ce saiwa ta yi kauri. Ta sa yarinyar ta buɗe baki ta nuna mini, haƙori yana nan daram. Na ce masha Allah, kuma har zuciyata na faɗa. Sai ta tambayi me ya kawo tawa. Autata ta sa hannu ta rufe bakinta, ni kuma na ce haƙori ne dai.

Yau shekara bakwai ke nan. Autata ta zama budurwa, tana sakandare, tana ƙoƙari, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Haƙorin robar an canza shi ba sau ɗaya ba domin baki yana girma. Likitoci sun ce ba za a dasa mata na dindindin ba sai ƙashin fuskarta ya gama girma, kuma wurin ya lotsa, sai an fara cike shi kafin a yi dashen, in Allah ya sa zai karɓa. Na sha neman gafararta, kullum amsarta ɗaya ce, wai ya wuce, in bar zancen. Amma in za ta yi dariya hannunta yakan riga sautin zuwa bakinta. Sau ɗaya robar ta faɗo tana karatu a gaban aji a makarantar Islamiyya, yara suka yi dariya. Tun daga ranar ba ta sake tashi musabaƙa ba, ita da malaminsu yake cewa ba mai muryarta.

Ba don a tausaya mini na rubuto ba. Na rubuto ne don iyaye mata irina, musamman mu na Zango da bakin mutane ya fi yi mana zafi fiye da ciwon jiki. In yaro ya faɗi ya bugi haƙori, kada ku ce tunda ya daina ciwo shi ke nan, na 'yata ma ya daina, ashe mutuwa ya yi. In likita ya fara aiki ku bari ya kai ƙarshe, abin da ba ku gane ba ku tambaye shi, kada ku kai tambayar ɗakin rabon yayi. Ni an ba ni damar da iyayenmu ba su taɓa jin labarinta ba, a ce haƙori ya mutu a raya shi da jinin mai shi, kuma abin da aka nema a wurina kawai haƙurin sati huɗu da baƙin haƙori a hoto. Na kasa. In kun yi kuskure ku koma da wuri, domin likitar ta gaya mini da na kawo ta a makonnin da nas take kira, da wataƙila an ceto shi. Sannan ku ji tsoron Allah, kada ku yi ƙarya a gaban yaro ku harare shi ya yi shiru, domin ba a kan ƙaryar kaɗai zai yi shiru ba.

Akwai abu ɗaya da ban taɓa gaya wa kowa ba. A gidanmu mata kwano ɗaya muke ci a kan tabarma, haka na tashi na gani. Robar nan ba ta jure tauna, sai an cire ta kafin a ci tuwo ko nama, autata kuwa ba ta yarda kowa ya ga giɓin, har ni. Don haka in an zuba abinci sai ta ɗebi nata a ɗan faranti, ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Da azumi haka, ranar Sallah ma haka. Na taɓa bin ta da kwanona na ce mu ci mu biyu, ba kowa. Ta yi murmushi da baki a rufe ta ce in fara, ta zauna tana juya cokali har na gama, ba ta kai loma ɗaya ba. Daga ranar na daina takura mata. Shekara bakwai rabona da in sa hannu a kwano ɗaya da autata, kuma ni na jawo. Ku taya ni addu'a, Allah ya nuna mini ranar da za ta bar ƙofar nan a buɗe.